Inda gishiri ya bi, nan ruwa yake bi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san ledar ƙarin ruwa da ake ratayewa a jikin ƙarfe, tana ɗiga a hankali cikin jijiyar majinyaci. In ka kalle ta, garau take, kamar an ɗebo daga randa. Sai dai abin da ke cikinta ya wuce tsurar ruwa. Wadda aka fi sakawa, kowace lita tana ɗauke da giram 9 na gishiri, an auna shi daidai. Da za a yi kuskure a ɗura wa mutum tsagwaron ruwa a jijiya, ko da an tace shi an tafasa babu ƙwayar cuta ko ɗaya, jajayen ƙwayoyin jininsa za su zuƙi ruwan su kumbura su farfashe, kuma hakan na iya yin ajalinsa. Ruwan nan dai da muke kwankwaɗa da moɗa. Tun ranar da na gane dalilin wannan na daina raina ruwa, kuma na fahimci cewa ba a maganar ruwan jiki a bar gishiri a baya.

Amma sai an fara daga shi kansa ruwan.

Mutanen da sun daɗe suna ɗaukar ruwa a matsayin asali guda wanda ba ya rabuwa. Sai a wajen 1781 wani masani ɗan Ingila, Henry Cavendish, ya ƙona wata iska mai kama wuta a cikin gilashi, ya ga raɓa ta kwanta a jikin gilashin. A 1783 Antoine Lavoisier na Faransa ya tabbatar da cewa raɓar nan ruwa ce, kuma ruwa haɗin iska biyu ne. Iskar da aka ƙona ita ce haidirojin, sunan da ke nufin "mai haifar da ruwa" a harshen Girka. Ɗayar kuwa ita ce oksijin da muke shaƙa. Kowace ƙwayar ruwa tana da zarrar oksijin guda da ta haidirojin biyu, shi ne H₂O da ɗalibai ke haddacewa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba a aji shi ne siffar ƙwayar. Zarrorin uku ba su jeru a miƙe kamar sanda ba. A lanƙwashe suke kamar gwafa, oksijin a gindi, haidirojin biyu a rassa, da kusurwar digiri 104.5 a tsakani. Kuma oksijin mai babakere ne: ƙananan ƙwayoyin lantarkin da suke tarayya a kansu, shi ya fi janye su wajensa. Saboda haka gindin gwafar yana da ɗan cajin ragi, rassan kuma suna da ɗan cajin ƙari. Sai kowace ƙwaya ta zama tamkar ɗan ƙaramin mayen ƙarfe, reshen wannan yana manne wa gindin waccan, har ƙwaya ɗaya tana iya riƙe maƙwabta huɗu. Riƙon ba shi da ƙarfi, yana kwancewa yana sake ɗaurewa cikin lokacin da ƙiftawar ido ma ta yi masa tsawo nesa ba kusa ba. Yawansa ne ƙarfinsa.

Da babu wannan riƙo, da ruwa iska ne a yanayin da muke rayuwa. Iskar kabon da muke fitarwa in mun numfasa ta ninka ƙwayar ruwa nauyi fiye da sau biyu, amma da yake miƙaƙƙiya ce, ba ta da gefen ƙari da gefen ragi, sai ta watse a sarari. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ita ma haidirojin biyu ne manne da zarra ɗaya, tana tafasa tun a digiri 60 ƙasa da sifili. Ruwa kuwa sai ya kai digiri 100. Wannan riƙon ne kuma yake sa ƙanƙara ta buɗe ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa take yawo a saman kofin zoɓo, kuma kwalbar da aka cika taf aka manta a firiza take fashewa.

Amfanin farko da jiki ya ci daga wannan shi ne a wajen zafi. Kafin ruwa ya ɗumama, sai zafin ya fara sassauta riƙon nan, don haka ruwa yana haɗiye zafi mai yawa kafin ya nuna. Zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, zai ɗaga kilon baƙin ƙarfe da kusan digiri tara. Da tsakar rana yashi na ƙona ƙafa, ruwan tafkin da ke gefensa kuwa da sauran sanyinsa. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin lita 42 ta ruwa, wato kusan kashi 60 cikin 100 na jikinsa. Na mata ya ɗan gaza haka, na jariri sabon haihuwa kuma ya kai wajen kashi 75. Wannan tarin ruwa shi ke hana zafin jiki yin tsalle daga digiri 37 duk lokacin da muka shiga rana ko muka yi gudu.

Amma riƙe zafi kaɗai ba ya isa a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da iskar waje ta wuce digiri 40, ta fi jiki zafi. A irin wannan rana hanya ɗaya ce ta rage wa jiki, ita ce gumi. Kuma fitowar gumin ba ta sanyaya komai, bushewarsa ce ke yin aikin. Kafin ƙwayar ruwa ta tashi ta zama tururi sai ta tsinke duk riƙon maƙwabtanta, ƙarfin yin hakan kuma daga fatarka take kwasarsa ta tafi da shi. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a jiki tana tafiya da zafin da ya kai wajen kalori 580, irin kalorin da ake auna abinci da shi. Kakanninmu sun san wannan a aikace. Randar ƙasa tana tsattsafo ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska na busar da tsattsafon, ruwan ciki na sanyi. Robar ruwa ba ta gumi, shi ya sa ruwanta yake zama kamar na wanka. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da ganye a ƙauyukan da babu lantarki, har ya sami kyautar Rolex a 2000.

Akwai wani tarko a nan da ya shafe mu musamman. A Legas iska na ɗauke da danshi, gumi ba ya bushewa da wuri, mutum yana ganin kansa sharkaf ya san yana asarar ruwa. A busasshen zafin Arewa gumin na bushewa tun kafin a gan shi. Lebura ko manomi ko mai tura baro yana iya zubar da fiye da lita guda a awa ɗaya, rigarsa a bushe, sai dai farin zanen da ya kwanta a bayanta. Zanen nan gishiri ne.

Gishiri a hannu dutse ne, sai an kai shi wajen digiri 800 kafin ya narke da wuta. Amma zuba shi a ruwan sanyi, nan take ya ɓace. Abin da ke faruwa shi ne gishiri haɗin sodiyam mai cajin ƙari ne da kulorayid mai cajin ragi. Ƙwayoyin ruwa sai su yanyame su, masu juya gindi su kewaye sodiyam, masu miƙa rassa su kewaye kulorayid, su raba su kowa ya kama gabansa. Waɗannan narkakkun sinadarai masu caji su ne ke ɗaukar saƙo a jijiyoyi, su ke sa tsoka ta motsa, su ke tsara bugun zuciya. Sukari da sauran abin gina jiki, da dattin da za a fitar, duk a narke suke tafiya cikin jini. Ruwan ma yakan shiga aikin da kansa: in tuwo ya isa hanji, da ƙwayoyin ruwa ake datse dogayen sarƙoƙin sitaci su koma sukari. Mafi yawan iskar kabon da jini ke kaiwa huhu kuma sai ta haɗu da ruwa ta rikiɗe ta zama wani sinadari dangin kanwa, wanda shi ne ke tsare tsamin jini tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'auninsa. Don haka nake jin takaici in na ga ana sayar wa mutane wani ruwan gora da tsada wai zai "kashe tsamin jini". Ruwan zai fara faɗawa ne cikin tumbi mai tsananin tsami, kuma huhu da ƙoda ba sa barin abin da aka sha ya karkatar da ma'aunin nan.

Ƙwarewar ruwa wajen narkarwa ba ta zaɓen mai kyau da mugu. Abin da ya samu a cikin dutse shi zai ɗauko. A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid ya lalata haƙora ya tanƙware ƙasusuwan ɗaruruwan yara a shekarun baya, alhali a ido ruwan tas yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan sinadari a miligiram 1.5 cikin lita, abin da harshe ba zai taɓa ɗanɗanawa ba. Ina ganin duk rijiyar da za a haƙa wa jama'a, kuɗin gwajin ruwanta ya kamata ya shiga lissafi tun kafin na fenti da allon suna.

Abu ɗaya ne ruwa ya ƙi jini, shi ne mai. Man gyaɗa ba shi da gefen caji, ƙwayoyin ruwa ba su da inda za su kama shi, sai su ture shi ya taru wuri guda, kamar yadda yake tasowa a saman miya. Wannan ƙiyayyar ita ta ba mu jiki. Ƙananan ɗakunan da aka gina mu da su, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta, bangon kowannensu da wani irin mai aka yi shi. Da ruwa na narkar da mai, da babu bango, babu ciki babu waje. Daga lita 42 ɗin nan, kusan 28 tana cikin waɗannan ɗakuna, 14 tana waje, kuma a cikin 14 ɗin nan kimanin lita 3 ce kawai ruwan jini. Ruwan waje sodiyam ya yi masa yawa, na ciki kuma fotasiyam, wani sinadari mai cajin ƙari kamar sodiyam.

Matan da ke girki sun san dokar da ke tafiyar da sauran labarin. Yanka albasa ko kabeji ka barbaɗa gishiri, jim kaɗan ka ga ruwa ya kwanta a kwano. Jiƙa wake da dare, da safe ya kumbura. In bango yana barin ruwa ya wuce amma yana tare gishiri, ruwa zai tsallaka zuwa ɓangaren da narkakkun abubuwa suka fi yawa. Wannan ne ya fasa jajayen ƙwayoyin jinin da muka fara da su: cikinsu da gishiri, tsurar ruwa ta kewaye su, sai ta yi ta kwarara ciki har bango ya yage. Jiki kuma ba shi da famfon tura ruwa kai tsaye. Gishiri yake turawa, ruwa ya biyo baya. A 1957 Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano ɗan injin da ke jikin bangon kowace ƙwaya, mai fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, dare da rana, yana cin kaso mai tsoka na ƙarfin abincin da muke ci ko muna barci. Ƙofofin da ruwan ke bi kuwa sai a 1992 Peter Agre na Amurka ya nuna su, aka kira su akwaforin, ya sami kyautar Nobel a 2003. Ƙofa ce matsattsiya wadda ƙwayoyin ruwa ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙoda ce gwanar wannan sana'a. Kowace ɗaya tana da ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma a kwana ɗaya su biyun suna tace ruwan jini da ya kai lita 180. Fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk mayar da shi ake yi, ta hanyar janye sodiyam ruwa ya bi shi. Mai azumi yana ganin aikin da idonsa. Da hantsi ya wuce, jini ya ɗan yi kauri da kashi 1 ko 2 cikin 100, ƙwaƙwalwa ta ji, sai ta tayar da ƙishirwa, ta kuma saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta ƙara buɗe ƙofofin akwaforin. Kafin la'asar fitsari ya ragu ya yi ja. Wannan kuma yana nuna kuskuren da yawancinmu ke yi da sahur, a ɗaga jug guda a shanye dab da kiran salla. Jini na tsinkewa, ƙwaƙwalwa ta janye umarninta, kafin rana ta ɗaga rabin ruwan ya tafi bayan gida. Wanda ya rarraba shansa daga shan ruwa zuwa sahur, tare da abinci, kunu ko fura, shi ya fi riƙewa. Masu ciwon sikila kuwa ƙodarsu ba ta iya tattalin ruwa yadda ya kamata, kuma bushewar jiki na tayar musu da ciwo, don haka batun azuminsu a zafi na likitansu ne, kada kunya ko surutun mutane su yanke musu hukunci.

Tattalin ƙoda yana da iyaka. Ko ana mutuwa da ƙishi sai ta fitar da wajen rabin lita a rana don wanke datti, ga numfashi da fata suna ta zubar da nasu. Jiki na samar da ɗan ruwa daga ƙona abinci, kamar kofi ɗaya a yini, wanda bai taka kara ya karya ba. Tozon raƙumi ma kitse ne, ba salka ba ce. Ƙarfinsa yana wajen jure zafi da ƙoda mai tsananin rowa. Mu ba mu da wannan baiwar. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Kwanaki kaɗan ne tsakaninsu da gida.

Sai dai ƙishirwar da ta fi cin rayuka a ƙasarmu ba a hamada take ba. A kan tabarma take, cikin ɗaki, randa cike a gefe.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a hanji maganar ta tabbata baƙi da baƙi. Abin da muke sha da wanda ke cikin abinci bai fi lita 2 ba a rana, amma yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da sauransu suna ƙara wajen lita 7. Duka wannan hanji ke zuƙewa ya mayar, ɗan abin da ke fita da bayan gida bai cika kofi ba. Gudawa ita ce rushewar wannan mayarwa. Dafin kwalara yana tilasta wa bangon hanji ya yi ta zubar da gishiri cikin hanjin, ruwa kuma ya bi shi kamar yadda ya saba, har babban mutum yana iya rasa lita guda a awa. In aka ba shi tsurar ruwa, babu abin da zai ja shi ya shiga jini yadda ake so, gishirin da ya zube kuma bai dawo ba.

A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a bangon hanji da ba ta buɗewa sai sodiyam da sukari sun zo tare. Daga baya aka gano cewa dafin kwalara ba ya rufe wannan ƙofa. Sukari ya shigar da gishiri, gishiri ya jawo ruwa. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom, 'yan uwan majinyata na ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta ce mai yiwuwa wannan ne ci gaba mafi muhimmanci a fannin lafiya a ƙarnin. Shi ne ruwan gishiri da sukarin da ake sayarwa a kemis.

Awon shi ne maganin. In akwai na leda, a dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikinta. In babu, lita guda ta tsaftataccen ruwa, wato leda biyu ta fiya wata mai rabin lita, sai ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokalin shayin na gishiri. In gishiri ya zarce, yana iya cutar da yaro. In sukari ya zarce, dokar nan ta juyo kanmu, ruwa ya fito daga jiki ya bi sukarin cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Dalilin da ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa ke nan. Yana ci mini rai in na ji an ce a daina bai wa yaro ruwa wai don gudawar ta tsaya, ko a ga maɗigarsa ta faɗa a tafi neman abin shafawa a ka. Maɗigar ta lotsa ne don ruwan jikinsa ya ƙare, haka idon da ya zurma da kukan da babu hawaye. Yaron da ya kai nan, ko ya kasa sha, ko yake ta amai, asibiti za a nufa da shi ana ɗura masa a hanya.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda ƙauna ce ke jawo shi. Ana tsananin zafi, kaka ta dubi jariri ɗan wata biyu ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki ganin yaron nan ƙishirwa yake ji? Ba shi ruwa mana." Uwa kuma ba ta iya musu da surukarta. Amma nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, da gishiri da sukarinsa a gauraye daidai da jikin jaririn. Ƙodarsa ba ta yi ƙwarin fitar da rarar ruwa da sauri ba. In aka cika masa ciki da tsurar ruwa, sodiyam ɗin jininsa na iya faɗuwa, ruwa ya kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, har ya kai ga jijjiga. Ko bai kai haka ba, ruwan ya tare gurbin nono a ɗan tumbinsa, kuma ta nan ƙwayoyin gudawa suka fi samun hanya. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nacewa a kan nono zalla har wata shida, ko a Agadas ne cikin bazara. Jariri in ya ji zafi yakan yawaita neman mama, yana tsotsa kaɗan-kaɗan, nonon farko mai ruwa-ruwa yana kashe masa ƙishi. Moɗar da Inna ta ɗebo, uwar za ta miƙa wa ta shanye, sannan ta ɗauki ɗanta ta ba shi mama.